Ƙofa nawa ce? Lissafin da ake mantawa kafin a sayi armuwar amarya

A Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, duk gidan da ake jeren amarya akwai tambayar da ba ta barin bakin ƴan ganin ɗaki: "Armuwar ɗin ƙofa nawa ce?" In an ce uku, sai ka ji an ja baki an yi shiru. In an ce shida, guɗa ta tashi ke nan, a ce lalle iyaye sun fitar da ƴarsu kunya. Daga nan hira ta koma kan madubi da fenti da mariƙin ƙofa mai ruwan zinariya. Da wuya ka ji wata gwaggo ta buɗe ta leƙa ciki ta ce, "To, yanzu atamfofin nan duka ina za su zauna? Shi kuma angon ina zai sa nasa?"

Alhali kuwa nan maganar take. Armuwar, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira wadirob, tana cikin kaya mafi tsada a ɗakin amarya, ita da gado da kujeru. Uwa kan shafe shekaru tana zubin adashi saboda ita, uba kan sayar da dabba ko ya ci bashi. Katakon ma ba namu ba ne, shigo da shi ake yi daga ƙasashen kudu masu daji. Lokacin da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kaya da yawa da suka saba biyowa ta Kwatano sun koma doguwar hanyar Lome da Burkina Faso, kuɗin dako ya ƙaru, mai saye kuma shi ya biya.

Duk da wannan ɗawainiya, leƙa gidan bayan wata shida. Sau da yawa za ka tarar ƙofa ɗaya ba ta rufuwa don cunkoso, wani ɓangaren kuma sanda ce kawai da hanga huɗu suna lilo a sarari. Akwatunan lefe na nan jibge har kusa da rufi, shaddar maigida kuwa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa tana shan ƙura. Safiyar Juma'a ta yi, a fara: "Wai ina hulata?" "Ni na sani? Duba inda ka ajiye." Ƙaramar magana ce, amma irinta ce ke taruwa har ta zama babba.

Daga kwalla zuwa armuwar

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba. Shi kansa lefe, asalin sunan na wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a ciki ake zuba tufafin da dangin ango za su kai. Daga baya aka koma kwalla, sai adaka da fantimoti, har aka zo zamanin akwatuna saiti-saiti. Duk waɗannan mazubai abu ɗaya suke so: a ninke tufa, a ɗora wata kan wata. Namiji kuwa yana da turakarsa, can rigunansa suke, ba ruwansu da ɗakin mata.

Yau abubuwa biyu sun canza. Na farko, sabbin ma'aurata da yawa a birni ciki da falo suke haya, babu turaka, ɗakin kwana ɗaya ne na mutum biyu. Na biyu, fasalin armuwar da ake kwaikwaya na Turai ne, an tsara shi don kwat da shat da wando, shi ya sa sandar rataya ke cinye rabin cikinta ko fiye.

Mu kuwa tufafinmu na ninkewa ne. Riga da zane da kallabi a ninke suke zama. Shadda in ta dawo daga wurin masu bugu ko mai guga, a ninke take zuwa da karinta. Babbar riga ba ta hawa hanga, faɗinta ya wuce nan, nauyin aikin wuyanta ma zai ja ta ta lalace. Turmin atamfa da ba a ɗinka ba, yadi 6 ne, kusan mita 5 da rabi, shi ma a ninke yake jiran ranar tela. Ƴan kaɗan ɗin da muke ratayewa kuma dogaye ne: abaya, doguwar riga, dogon hijabi, kaftani, jallabiya. Ka ga ke nan armuwar da aka kwaikwayo ba tare da tunani ba takan gaza ta fuska biyu. Kantoci, wato allunan da ake jera kaya a kai, sun yi kaɗan, wurin rataya kuma ya yi gajere, gindin riga na sharar ƙasa.

Awon da ya kamata kowa ya riƙe

Ba sai an je makaranta ba. Tef ɗin awo na tela, mai santimita 150, ya isa.

A fara da zurfi, wato daga ƙofa zuwa bayan armuwar. Hanga tana da faɗin santimita 40 zuwa 45, don haka duk inda za a rataye kaya yana son zurfin santimita 55 zuwa 60. Wannan awo ne da manyan kamfanoni ma ke bi. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, alal misali, yana yin armuwar da yake kira PAX da zurfin santimita 58 ko 35, faɗin 50 ko 75 ko 100, tsayin 201 ko 236. Mai zurfin 58 ita ce ke ɗaukar hanga a gicciye. In kafinta ya rage zurfi zuwa 45 don ya ceci katako, kullum ƙofa za ta riƙa datse hannun riga, wata rana ma ta daina rufuwa.

Sai tsayi daga sanda zuwa ƙasa. Shat na son kimanin santimita 100. Kaftani da jallabiya 140 zuwa 150. Abaya da dogon hijabi 160 zuwa 170, gwargwadon tsayin mai su. Abin da ya fi shi ne a ɗauko rigar da ta fi kowace tsawo a auna, a ƙara santimita 10.

Sai wurin da kowace tufa ke ci a jikin sanda. A ƙiyasce, shat ko wando santimita 3, abaya 4, kaftani mai sitati tare da wandonsa 5. In an matsa su fiye da haka, kuɗin guga ya tafi a banza. Kuma sandar da ta wuce mita 1 ba tare da madogara a tsakiya ba, sannu a hankali takan lanƙwashe.

Kantoci kuwa a bar santimita 30 zuwa 35 tsakanin kowace da ta samanta. Riga da zane da kallabi in an ninke su tare, kaurinsu bai cika wuce santimita 5 ba, faɗinsu kuma wajen 30. Ke nan jeri ɗaya zai ɗauki kaya 6. In aka ɗora fiye da haka, ranar da aka zaro na ƙasa duk sai sun rushe. Kanta mai faɗin mita 1 tana ɗaukar jeri 3, wato kaya 18.

Mu gwada lissafin

A ɗauki misalin wasu ma'aurata. Ita tana da ɗinkakkun kaya 30, turame 10 da ba a ɗinka ba, abaya da dogayen riguna 8, dogayen hijabai 6, mayafai 15. Shi yana da kaftani 12, babbar riga 3, shat 10, wando 6, huluna 8.

Dogayen kayanta 14 ne, kowane santimita 4, sun ci 56. Kaftaninsa 12, kowane 5, sun ci 60. An haɗa 116, a ce 120 na doguwar rataya. Shat da wando 16, kowane 3, sun ci 48, a ce 50 na gajeriyar rataya.

A koma kanta. Kayanta 30 jeri 5 ne, turame jeri 1, mayafai jeri 2, an samu 8. Manyan rigunansa suna cin wurin jeri 2 saboda faɗin ninkinsu, huluna ma jeri 2, an samu 4. Jimla 12, wato kantoci 4 masu mita 1. A ƙara ta biyar don zannuwan gado da tawul. Kantoci 5 masu tazarar santimita 35 sun ci 175, sun shiga cikin armuwar mai tsayin mita 2.

Yanzu a tara faɗi: 120 da 50 da 100, santimita 270. Da yake ƙofa ɗaya kan kai wajen santimita 50, waɗannan mutane sun wuce ƙofa biyar, ba su cika shida ba. To, ashe gwaggo mai guɗar ƙofa shida ba ta yi laifi ba, in dai kayan sun kai haka kuma an raba cikin yadda ya dace. Amma waɗanda kayansu rabin wannan ne, ƙofa uku ta wadace su, sauran ukun bashi ne kawai aka sa wa fenti.

Akwai wani abu da lissafin ya fito da shi wanda ya kamata a lura. Ita jeri 8 take buƙata da sanda santimita 56. Shi jeri 4 da sanda fiye da mita 1. Wato ita kanta ta fi buƙata, shi kuma sanda. Saboda haka raba armuwar gida biyu daidai, a ce wannan gefe naki wannan nawa, kowa ya cutu. A raba bisa irin kayan kowa.

In ƙarfi ko ɗaki bai kai ba, ƙofa huɗu ma tana yi: mita 1 na doguwar rataya, mita 1 na kantoci. Sai a bar kaftani a ninke yadda mai guga ya kawo su, a mayar da turamen da ba a ɗinka ba da kayan zuwa biki cikin akwatunan lefe, a ɗora su a sama. Akwatin lefe ai ba don ado aka saye shi ba.

Durowa nawa?

Durowa ta ƙananan kaya ce: kayan ciki, safa, singileti, kallabi, ɗan kunne da sarƙa. Tsayin santimita 15 zuwa 20 ya ishe ta. Durowa mai zurfin 30 rijiya ce, abin da ya faɗa ƙasa sai ranar tashi daga gidan za a gan shi. A yawancin gidaje uku ko huɗu sun ishi uwargida, biyu sun ishi maigida. A ƙara ɗaya mai makulli don gwal da takardu, irin su takardar aure da ta haihuwa da ta fili. A misalin da muka kawo, ƙarƙashin gajeriyar sanda akwai ragowar kusan mita 1, durowa huɗu za su shiga nan. Sauran sai a yi musu komod, wato ɗan akwatin durowoyi mai zaman kansa, wanda samansa zai ɗauki madubi da kayan shafa.

Kada a manta, in Allah ya kawo haihuwa, jariri duk ƙanƙantarsa durowa biyu zai karɓe, ban da kayan barka da za su shigo ranar suna. Gara a bar masa wuri tun yanzu. Tun ran gini tun ran zane.

Wajen saye a jawo kowace durowa har ƙarshe, a danna gindinta da hannu. In ɗan siririn falanki ne kuma faɗinta ya wuce santimita 80, ba za ta daɗe ba za ta yi ciki ta maƙale. Sannan a sa kafinta ya ɗaure komod da armuwar a bango. Yaro kan jawo durowoyi ya mayar da su tsani, abin ya rinjayo ya danne shi. Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2016, IKEA ya janye irin waɗannan akwatunan durowa kimanin miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa ƙananan yara sun yi ajalinsu. Kaya masu nauyi kuma a ƙasa ake sa su.

Ɗakin zai ɗauka?

Ƙofa shida bangon mita 3 take so, wanda ba taga, ba ƙofa. Ɗakin haya nawa ne ke da shi? Ga kuma gado. A ce faɗin ɗaki mita 3 da rabi ne. Armuwar ta ci santimita 60, gado ya ci 180, saura 110. Nan za a iya barin 80 a gaban armuwar, mutum ya buɗe ƙofa ya tsaya. In kuwa ɗakin mita 3 ne cif, saura 60 kacal. Ƙofa mai santimita 50 tana buɗewa za ta kusa taɓa gado, mai neman kaya sai ya hau katifa ya durƙusa. Ƙofa mai turawa gefe tana maganin wannan, sai dai layin da take gudu a kai ba ya shiri da rairayi da ƙurar hunturu, yana son shara a kai a kai.

A auna ƙofar shiga ɗakin ma, a duba inda fanka take. An sha ganin armuwar ta iso kan kura ko a bayan mota, ta ƙi shiga, a koma neman mai zarto ana tsakiyar jere. Wanda ke zaman haya ya roƙi kafinta ya yi ta gida biyu ko uku masu rabuwa, don ranar tashi ba ta sallama. Armuwar da aka kwance aka ɗaura sau uku, musamman ta katakon dusa da aka matse, ƙusoshinta ba sa sake kamawa.

Duk wannan awo ba abin kunya ba ne. Yayar amarya ta tambayi ƴan uwan ango faɗin ɗakin, ta ƙirga abin da ke cikin lefe da wanda amarya za ta taho da shi daga gida, ta rubuta a takarda. Da wannan takarda ake zuwa wurin kafinta, ko a Kasuwar Katako ta Yamai ko a bakin titin unguwa. Hoton da aka gani a Facebook ɗakin wasu ne da kayan wasu.

Ta wace ce?

Nan akwai maganar da maza ba sa son ji. A al'adarmu kayan ɗaki mallakar mace ne, iyayenta suka yi mata. In zama ya ƙare, Allah ya kiyaye, da su take tafiya. Ke nan maigida baƙo ne a cikin armuwar nan. In ta ba shi ƙofa biyu, kyautatawa ce, ya gode. Ba daidai ba ne ya zo da kaftani goma sha biyu ya ture kayanta gefe yana cewa ai gidansa ne. Namijin da ke da hali ya yi wa kansa mai ƙofa biyu, mai doguwar sanda da kantoci biyu a sama don huluna da manyan riguna, an huta. Mai mata fiye da ɗaya ma ya fi kowa buƙatar haka. In kayansa suka tare a ɗakin ɗaya, kullum sai ya shiga can ya shirya ko da ba ranar girkinta ba ce, ya jawo wa kansa ƙorafin da bai shirya ba.

Ita ma uwargida akwai nata. In an amince wannan kanta ta maigida ce, kada bayan wata biyu a tarar da jakunkuna da kwalaben humra sun mamaye ta. Takalma kuwa, nasa da nata, a yi musu ƴar kanta daban kusa da ƙofa, kada su haɗu da tufafi. Kowane takalmi ƙafa biyu na cin wajen santimita 20 zuwa 25.

Ƙura, damina da gara

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, don haka kantocin da ba ƙofa, irin waɗanda ake gani a finafinai, ba namu ba ne. A duba ƙofofi na haɗuwa ruf, a duba allon baya ba shi da tsaga. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, danshi ne abokin gaba. A sa wa armuwar ƙafafu kamar santimita 10, a janye ta kaɗan daga bango don iska ta ratsa. Katakon dusa in ya sha ruwa kumbura yake yi, ba ya komawa. Farin katako ya fi araha amma gara na son sa, jan katako ya fi ƙarko ya fi tsada. Ta ƙarfe da masu walda ke yi gara ba ta cin ta, sai dai in fenti ya tashi tsatsa kan ɓata farar shadda, sai a shimfiɗa wani tsohon zane a kan kantocin.

Sai ƙwayoyin nan farare da muke kira kafur, da ake watsawa cikin kaya don kyankyasai. Da yawa daga cikinsu sinadarin naftalin ne. Likitoci na gargaɗi kada a sa su cikin kayan jarirai, domin suna iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini su jawo shawara ga yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ga shi kuma yaro mai rarrafe kan ɗauka alewa ce. Tsabta, da shanya kaya a rana lokaci zuwa lokaci, da barin tufa ta bushe sarai kafin a ninke, sun fi su aminci.

Kaya ba sa tsayawa

Ko an yi lissafi daidai ranar jere, tufafi ƙaruwa suke yi. Sallah ƙarama, Sallar Layya, a ce kuma anko huɗu a shekara, na bikin ƙawa da na dangi da na suna. Kaya 6 ke nan, jeri ɗaya cif. Shekara uku, kanta mai mita 1 ta cika. Shi ya sa ake son a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na armuwar a sarari tun farko. Amma ko ƙofa goma ce, in shiga kawai ake yi ba fita, wata rana sai ta ƙi rufuwa.

Maganin yana hannun masu ɗakin. Kafin kowace Sallah a fito da komai a zube kan gado. Abin da aka shekara biyu ba a sa ba, ba za a sa shi ba. Akwai ƙanwa a ƙauye, akwai mai aikin gida, akwai maƙwabciyar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ga almajirai da sanyin hunturu ke tafe. In sabon ɗinki shida ya shigo, tsoho shida ya fita. Kantar ta samu sarari, wani kuma ya samu na zuwa Idi.